Ƙadangare da Randar Kurege

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso.

Ta zo mu ji ta, kunnenmu na nan.

To, Ƙadangare ne da abokinsa Kurege suka je cin kasuwa. Suka tsaya wajen Inna Kuluwa mai ginin tukwane, kowa ya sayi randa. Yumɓu ɗaya, gashi ɗaya, girma ɗaya. Ƙadangare ya ƙwanƙwasa tasa, ta yi ƙara ƙal ƙal, har Inna ta yi masa gyara da 'yar moɗa. Ya kai gida ya kafa ta gindin tsamiya, ya rufe da faifai. Duk wanda ya wuce sai ya kira shi ya zo ya ga randa. Wallahi har shafa ta yake.

Shi Kurege gidansa can ne bayan fako, ba inuwa ko ɗaya a hanya. Rannan da rana tsaka Ƙadangare ya tafi gaishe shi. Ya isa maƙogwaro a bushe. Kurege ya ɗebo masa ruwan baƙo. Da ya kurɓa sai ya ji sanyi har cikin wutsiya. Nan fa ya fara hararar randar mutane. Wato ke nan Inna Kuluwa ta zaɓa wa Kurege mai kyau, shi ta ba shi saura.

Ya ce su yi musaya. Kurege ya ce ai duk ɗaya ne. Ƙadangare ya nace. Kurege ya ce to shi ba ya musaya sai da ciko, a ba shi moɗar nan. Aka ba shi.

Ƙadangare ya kinkimo randa ya kai gida, ya cika ta. Washegari yana kwance a inuwa ya ɗeba ya sha. Ruwa dai ruwa, lami. Ya ce an cuce shi. Ya sake bin fako da rana, yana tafe yana ƙunƙuni. Kafin ya buɗe baki Kurege ya miƙo masa ruwa daga randar da ya ba shi jiya. Kun san me ya ji? Sanyi har cikin wutsiya.

“Tawa ce wannan, ba ni abata.”

“Jiya kai ka raina ta, aboki. Kawo faifai.”

Ya ba da faifai, ya koma da randarsa ta farko. Ya sha a inuwa, lami. Karo na uku ya naɗe tabarmarsa ya bi fako, don ya san sai an nemi ciko. Ya sha na Kurege, sanyi. Kurege ya karɓi tabarma ya shimfiɗa, ya zauna a kai tukuna, sannan ya ce:

“Ni dai na faɗa maka don Allah. Ba randa ba ce. Rana kake sha kafin ka sha ruwana.”

Ƙadangare ya ce daɗin baki ne, so yake ya riƙe mai sanyin. Ya ɗora wadda ya karɓa a ka ya fita. To amma zuciya ba ta bar shi ba. Taku uku ya waiga, ko wadda ya baro ce mai kyaun? Ya ƙara uku ya waiga. A waige na uku ya yi tuntuɓe da dutse, randa ta tarwatse a fako, ko kaskon kirki bai samu ba.

Ba moɗa, ba faifai, ba tabarma, ba randa.

Shi ya sa har yau za ku ga ƙadangare ya hau bakin randar mutane yana leƙe, yana gyaɗa kai. Cewa yake, tasu ta fi, tasu ta fi. Da ya bar idonsa kan tasa, da yanzu yana gindin tsamiya yana shan ruwansa.

Ƙurungus, kan ɓera ya ƙare, wanda ya ji ƙishi ga randa can.