Bugu Ɗaya Tak

Akwai wani tsoho mai goge a wata babbar ƙungiyar makaɗa, irin wadda mutum sittin ke zama wuri ɗaya, masu goge da masu sarewa da masu ƙaho, shugaba yana tsaye gabansu da 'yar sanda a hannu. Shekara talatin kujerar gaba tasa ce. A zamaninsa in ya ja goge, har mai tari a zauren sai ya haɗiye tarinsa.

Ana nan sai tsufa ya zo, hannu ya soma rawa. Da aka tashi shirin babban kiɗan Ista, bikin tashin Ubangiji daga kabari, shugaban ya ja shi gefe, ya gaya masa an ba wata mace kujerarsa, shi zai koma can baya wurin babbar ganga. Shugaban nan fa, tsohon ne ya koya masa riƙon goge! Tsoho ya duba takardar kiɗan, ya ga kiɗan sa'a guda ne, nasa kuwa bugu ɗaya tak. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai. Ya ce gara ya zauna gida da mutuncinsa.

Shugaban ya ce, "Baba, bugun nan shi ne mirgine dutsen kabari. Mutum uku na gwada, kowa sai ya yi gaggawa. Kai ne ka iya jira."

Ranar kiɗan kuwa sai ga tsoho ya zo. Ya zauna baya yana kallon ƙeyar mutane. Da masu goge suka shiga sashen kiɗan makoki, wurin da dā shi ke ja, yatsunsa suka riƙa motsi bisa gwiwarsa. Ya tuna marigayiya matarsa da takan zauna a layi na uku, hawaye suka cika masa ido. Saura kaɗan tunanin dā ya tafi da shi.

Sai kiɗa ya mutu, zaure ya yi tsit. Ya ɗaga kai, ya ga duk cikin mutum sittin shi kaɗai shugaban yake kallo. Sanda ta sauka, ya buga. Ƙahoni suka fashe da kiɗan tashi daga matattu, mutane suka miƙe tsaye.

Ma'anar wannan misali ita ce, 'yan'uwa: shugaban shi ne Ubangiji, ƙungiyar kuwa ikkilisiya ce. A cikinmu akwai waɗanda dā su ke ja mana waƙa, yau sun koma bencin baya suna cewa an manta da su. Tuna dā ba laifi ba ne, ni ma ina yi. Amma kada kewar kujerar jiya ta sa ka sunkuyar da kai har lokacinka ya wuce. Ubangiji bai sallame ka ba. Wataƙila kalma ɗaya ta rage maka ka faɗa wa jikanka, ko addu'a ɗaya. Ɗaga kanka, Baba. Kai yake kallo.