Ranar da Aka Tura Motar Kurege

Ga ta nan, ga ta nanku. Ku ce, ta zo mu ji ta. To, ku matso, ta iso.

A wani gari akwai wani babban kanti, na Hajiya Zabuwa. Hayaƙin motoci ya dame ta, kullum tana tari. Sai ta sa aka shata wurin mota uku a ƙarƙashin ceɗiyar da ke bakin ƙofa, aka kafa allo: nan wurin motocin da ba sa shan mai da yawa ne. Sauran motoci kuwa sai can ƙarshen fili, cikin rana. Ta sa Bushiya gadi.

Kurege gidansa na bayan kantin, ko tuwo ka ɗauko ba zai huce ba ka iso. Da ya ga yadda ake kallon masu ajiye mota a inuwar nan, sai abin ya shiga ransa. Ya sayar da gonarsa ta gado, ya sayo 'yar ƙaramar mota koriya mai lasar mai kamar kyanwa.

Matarsa Lantana ta ce, "Maigida, kantin da muke zuwa da ƙafa?"

Ya ce, "Ke ba ki san zamani ba."

Daga ranar, ko ashana za a saya sai ya tada mota. Ya zagaya ta babban titi, ya zo ya tsaya a inuwa, ya fito yana kaɗa makulli.

To, akwai Baba Ɓauna, mai wata tsohuwar a-kori-kura. Duk ranar Laraba yakan kwaso tsofaffin ƙauyuka su goma sha biyu, su yi sayayya, ya mayar da su kafin la'asar.

Larabar farko, Baba Ɓauna ya tsaya a inuwar don tsofaffi su sauka. Sai ga Kurege. Ya danna hon, ya leƙo ya ce, "Kai Bushiya, aikin me kake yi? Ba ka ga allo ba?"

Baba Ɓauna ya ce, "Yi haƙuri, samari, sauke su kawai zan yi."

Kurege ya ce, "Sauke su can!"

Sai motar ta ja zuwa ƙarshen fili. Tsofaffi suka tako cikin rana.

Laraba ta biyu, Kurege ya riga su zuwa. Ya gicciye motarsa yadda babu mai raɓar inuwar. Tsofaffi suka zo wucewa, matan ciki sun ja mayafi sun rufe fuska. Sai ya toshe hanci, ya ɗaga murya don kowa ya ji: "Ƙauyawa! Ku ne kuke ɓata mana iska. Ku da motarku duk warinku ɗaya." Suka wuce abinsu.

Laraba ta uku, Lantana ta ce gishiri ya ƙare. Ya tada mota. Ya iso, sai ya tarar wurin nan uku duk da motoci.

Bushiya ya ce, "Ranka ya daɗe, ga wuri can a fili."

Kurege ya ce, "Ni? Cikin masu hayaƙi? Allah ya kiyaye."

Sai ya tafi zagaya gari, ko wani zai fita. Ya zagayo, ba wuri. Ya sake zagayowa, ba wuri. A zagaye na uku ya hango mota ɗaya tana fita. Ya taka wuta. Yana kawowa daidai ƙofar shiga, sai mota ta yi tari, ta yi shiru. Mai ya ƙare ƙaf.

Ga shi ya tare hanya. Motoci suka taru a bayansa, ana ta hon. Mutanen kanti suka fito kallo, har Hajiya Zabuwa. Wadda ke bayansa daf kuwa, a-kori-kurar Baba Ɓauna ce.

Baba Ɓauna ya sauko ya ce, "Samari, lafiya?"

Kurege ya ce ƙasa-ƙasa, "Mai ne."

"Daga wane gari ka taso?"

Sai Bushiya ya ce, "Ga gidansa can, mai jan ƙyaure."

Baba Ɓauna ya dubi gidan, ya dubi motar. Ya juya ya ce da fasinjojinsa, "Jama'a, a taimaka a tura."

Tsofaffi suka sauko ɗaya bayan ɗaya, suka dafa mota. Kurege na ciki riƙe da sitiyari, gumi na zuba, so yake kawai abin ya wuce. Sai ya daka tsawa: "Ku tura mana da ƙarfi! Ba ku ci abinci ba ne?"

Ya ɗaga ido ya dubi madubi. Iska ta janye mayafin wata tsohuwa da ke turawa a tsakiya. Takalminta ɗaya ya tsinke, tana taka ƙasa mai zafi da ƙafa. Inna Delu ce, mahaifiyar Lantana. Surukarsa.

Ashe duk Larabar nan tana cikin motar. Ba ta biyawa gidan 'yarta, don kada ta ɗora wa suruki nauyi. Ranar da ya kore su tana nan. Ranar da ya toshe hanci, ta gabansa ta wuce.

Ƙafar Kurege ta danne birki bai sani ba. Tsofaffi suna ta nishi, mota ta ƙi motsi.

Inna Delu ta gyara mayafinta. Ba ta dubi inda yake ba. Ta ce da Baba Ɓauna, "Direba, ka ce wa mai motar ya ɗaga ƙafarsa, mu ƙarasa da shi inuwa."

Ya ɗaga. Suka tura shi a hankali har ƙarƙashin ceɗiya, gaban allo, gari duk yana kallo. Wani daga cikin taron ya ce, "Yau kam ko ɗigo ba ta sha ba!" Aka fashe da dariya. Tsofaffin ba su yi dariya ba. Suka karkaɗe hannu suka shiga kanti.

Kurege ya kasa fitowa. Ya sunkuya ƙarƙashin sitiyari, ya nannaɗe jela a fuska. Yana nan har aka yi azahar, har a-kori-kura ta tafi. Sannan ya sulale ta bayan kanti ya shiga gida.

Lantana ta ce, "Ina gishirin? Ina motar?"

Ya shige ɗaki ya ja ƙofa. Kwana uku ko masallaci bai leƙa ba.

A rana ta huɗu ya faɗa wa Lantana komai, kansa a ƙasa. Ta ce, "Ba ni za ka ba haƙuri ba."

Sai ya sayi takalmi sabo, ya kama hanyar ƙauye da ƙafa. Ya isa, ya durƙusa a bakin ƙofar ɗakin Inna Delu, daga waje. Ya gaishe ta, ta amsa daga bayan labule.

Ya ce, "Inna, na zo ne a kan abin da ya faru ranar Laraba."

Ta ce, "Me ya faru?"

Ya ce, "Motar da kuka tura..."

Ta ce, "Ai ban ga mai motar ba. Rana ta cika mini ido. Ko wane ne, ɗan mutane ne, Allah ya rufa masa asiri. Ya su Lantana?"

Da zaginsa ta yi, da ya fi masa sauƙi. Ya tura takalmin ta ƙarƙashin labule, ya zauna nan a ƙasa yana hawaye, ita kuma ta aika a kawo wa baƙo fura.

To, kun ji. Abin kirki idan aka yi shi don a gani, lalacewa yake yi. Kuma kafin ka wulaƙanta taron mutane, ka tuna ba ka san wanda ke cikinsu ba.

Ƙurunƙus, kan kurege.