Baƙin da Ya Cinye Fuskar Mai Shi

An ce bayan mutane sun tare a duniyar wata, masu zanen fada suka haɗa wani sabon launi kore. Magajin Gari Tankari ya gani ya ruɗe, ya sa aka rina masa rawani da shi, ya kuma yi niyyar hana kowa taɓa launin. Yana da wani aku na ƙarfe mai ba shi shawara, wanda ko cajinsa ya yi ƙasa bakinsa ba ya mutuwa.

Aku ya ce, "Ranka ya daɗe, kafin a yi shela, ka ji labarin Gwani Jatau marini."

Magaji ya ce, "Faɗi, amma a taƙaice."

Aku ya ce, "Jatau ya samo ƙurar tauraro mai wutsiya ya zuba a marinarsa, ta ba da wani baƙi mai shanye haske kakaf. Ya bi ya sa aka yi doka, duk wanda ya sa baƙin nan in ba Jatau ba, a kama shi. Abokiyar gasarsa Inna Ladiyo ta ji haushi, ta haɗa wani fari mai goge kowane launi, ta ce kowa ya saya, amma sai ya rantse shi ba Jatau ba ne.

"Ran kasuwa Jatau ya naɗa baƙin rawaninsa. Ka san rini mai kyau sai ya zuba a jiki, da shi marina ke taƙama. Kafin azahar fuskar Jatau ta ɓace, sai rami tsakanin wuya da rawani. Ƙofar gidansa, mai buɗewa in ta ga fuskarsa, ta ce, 'Maigida ba ya nan, bawan Allah.'

"Sabulu ya kasa. Ya lallaɓa rumfar Ladiyo yana maƙe murya, ita kuwa tun daga takunsa ta gane shi.

"Ta ce, 'Malam marar fuska, zauna ka ji labarin hawainiya. Ta gaji da aron launin ganye da na ƙasa, ta roƙi a ba ta nata ita kaɗai. Aka ba ta. Ta hau reshe tana yanga, shahon da ya daɗe yana nemanta ya yi hamdala. To, rantse.'

"Jatau ya ce, 'Na rantse ni ba Jatau ba ne.'

"Ta shafa masa farin, fuska ta fito tana zufa. Ta ce, 'Jama'a, kun ji da kunnenku. Wannan ba Jatau ba ne, ga shi kuwa da baƙin Jatau a ka. A kira dogarai, ko baƙin ya zama na kowa?'

"Jatau ya ce, 'Na kowa, Inna, na kowa!' Ya koma gida da fuskarsa, da kaffarar rantsuwa a wuya."

Aku ya karkata kai ya ce, "Ranka ya daɗe, kore ma yana zuba."

Magaji ya shafa gemu, ya dubi yatsunsa, sai ga su kore shar. Kunya ta kama shi, ya ce, "A fasa shelar. In dai gemu zai yi kore a garin nan, to na kowa ya yi."