Mai Toshe Kogon Tsirya

An yi wani mutum a wajen Kajiji, ba zan kama sunansa ba, don yana raye. Sana'arsa ɗebo 'ya'yan tsirya daga kogon itace, ya ɗaura kwando a babur ya kai kasuwar Bodinga. Ya 'yan uwa, mutumin nan mugu ne, kuma da bakina nake faɗa.

Kun san tsirya ba ta saƙa sheƙa. Kogo take nema, kogo kuwa ya yi ƙaranci tunda aka sassare itatuwa. Da an gama kaka, sai ka ga biyu sun tare bakin rami guda, kowa ya matso sai cizo.

A gonarsa akwai tsohon gawo mai koguna uku. Sai Shaiɗan ya raya masa dabara. Ya kwaɓa laka, ya bi itatuwan gonakin maƙwabta yana toshe kogunansu, don duk tsiryar yankin ta dawo gawonsa. Wani kogon ma da uwa a ciki kwance kan ƙwai, ya liƙe ta da ranta. Wa'iyazubillahi! Wannan zuciya ce ko dutse?

Maƙwabcinsa Malam Idi ya same shi a bisa tsani, ya ce: "Kai wane, mi tsuntsayen ga sunka yi ma? Ka ji tsoron Allah!"

Ya ce: "Tsoho, in kai ka haihe su, zo ka goya su."

Tsirya kuwa ta taru, tuli. Rami uku, tsuntsu ya fi hamsin. Tun asuba ake kokawa, ana cizge gashi, ana guntule yatsu, gawa na faɗowa tim a gindin gawo. Wadda ta ƙwace kogo sai ta turo ƙwan wadda ta riga ta waje. Shekarar nan ko ɗa guda bai samu ba.

Ya tuba? Ina! Kwaɗayi mabuɗin wahala. Cewa ya yi ramuka ne suka yi kaɗan. Ya hau gawon da gatari yana fafe reshe don ya ƙara koguna, alhali a kan reshen yake zaune, kuma ciki duk gara ta cinye. Sara na bakwai reshe ya ce ƙaras, ya rikito da shi.

Ƙashin baya ya karye. Yau shekara uku ke nan yana kwance a ɗaki, sai ƙanwarsa Rahama ta zo ta juya shi. Na je duba shi, ya riƙe hannuna yana kuka, wai in roƙa masa gafara. Na ce masa Allah Mai gafara ne, amma wadda ka liƙe da laka za ta tsaya da kai ranar hisabi.

Ya 'yan uwa, dabba ma tana da haƙƙi. Kada ka toshe wa wata halitta wurin kwana don cikinka, tsuntsu ne ko ɗan Adam. Allah ya raba mu da zalunci, ya kiyaye mu da mugun ƙarshe.