Kan Wayar da Malam Chindo Ya Canja

Akwai wani malamin makaranta mai suna Mustafa, wanda aka tura aiki Dogarawa a shekarun da kwamfuta take sabon abu. Ya sayi tasa ta hannu a Sakkwato, irin mai ƙaton akwatin nan. Gidan da yake zaune babu wuta, sai ya ajiye ta a Birnin Konni, gidan surukinsa Malam Chindo, mahaifin matarsa Fadila. Duk hutun mako yana zuwa ya buga aikin da zai miƙa don jarrabawar ƙarin girma.

Malam Chindo dattijo ne da 'yan unguwa ke ba ajiya, ba a taɓa samunsa da abin kunya ba. Sai dai yana da hali ɗaya: ba ya iya ganin abu a karkace ya bar shi.

Wata Asabar Mustafa ya iso da Fadila, ranar miƙa aiki ta matso. Ya danna maɓalli, shiru. Ya sake dannawa, ko ƙyaftawa ba ta yi ba.

Ransa ya ɓaci, don ya san lafiya lau ya bar ta. Amma wa zai tambaya? A wajenmu mutum ko ido ba ya haɗawa da surukinsa, balle ya ce masa wa ya taɓa mini kaya.

Malam Chindo na tsaye bakin ƙofa, carbi ya tsaya a hannunsa. Ya kira shi yadda ake kiran malamin makaranta a Nijar: "Mushe, lahiya dai?"

"Lahiya lau, Baba. Wani lokaci tana wanga halin."

Fadila ta matso ta raɗa masa: "In kira ƙannena in tambaye su? Wani ya taɓa ta."

"Bari tukuna. In munka tara gida, Baba za a kalla."

Sai ya zauna a tabarma ya bi abin a hankali. Ya jona rediyo a soket ɗin bango, rediyo ta yi magana, wato akwai wuta. Ya leƙa bayan akwatin, ƙaramin makunnin da ke can yana kunne. Ya cire wayar, ya hure, ya mayar da ƙarfi. Shiru dai.

Da ya bi wayar da hannu har ƙarshe, sai ya gane. Kayan Nijeriya da kai mai ƙafa uku suke zuwa, soket ɗin Nijar kuwa rami biyu ne, shi ya sa kullum yake cusa shi da dabara, yana lilo. Yanzu an yanke wancan kan, an sa sabo fil mai ƙafa biyu. Dattijo ne ya ga wahalar surukinsa, ya je kasuwa ya sayo, ya ɗaura da hannunsa bai faɗa wa kowa ba.

Tausayi ya kama Mustafa. Ya ce, "Fadila, samo min ruwa. Baba, a zauna, tsayuwa ta yi yawa."

Ya juya wa ƙofa baya, ya kwance kan da bakin wuƙa. Waya ɗaya ta zame daga kusarta. Ya murɗe ta, ya ɗaure, ya rufe, ya jona. Fanka ta yi kuka, allo ya haska, aikinsa na nan yadda ya bar shi.

"Alhamdu lillahi. Mi ya same ta?" in ji Malam Chindo, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Ƙaramin abu ne, Baba, ya wuce. Wanga sabon kai kuwa, Allah shi saka ma wanda ya sa shi. Ya hutasshe ni."

Dattijon ya dube shi. Ashe duk ya ga abin da aka yi da wuƙar.

Da aka kawo tuwon rana, Fadila ta nufi ɗaki da kwanon mijinta, tun da suruki da suruki ba su ci tare. Malam Chindo ya tsayar da ita.

"Aje shi nan. Mustafa, wanke hannunka ka matso. Ba ni jin kunyar ɗana."

Darasi: Kafin ka nemi mai laifi, nemi inda matsalar take. In kuma ka tarar kuskuren daga hannun mai son ka ya fito, gyara shi ka rufa masa asiri. Ku tura wa 'yan uwa, musamman masu saurin tambayar wa ya taɓa.