Tuwo Ba Ya Shiga Rumbu

An ce an yi wani sarki mai yawan kyauta, wanda da fari ya afka wa ƙasar maƙwabcinsa sai ya dinga aika ayarin gero can. To, bisa al'ada kyautar sarki a fadar sarki take sauka, mai fada ya raba yadda ya ga dama. Shi kuwa maƙwabcin nan, Allah ya raba mu da irinsa, sai ya cika rumbunansa, ya ƙosar da dogarai. Ƙauyen da ya taɓa kukan zalunci ko tsaba ba ya gani, sai bulala.

Da labari ya iso, sarki ya fusata ya ce, "Daga yau an rufe hanya. Ni ba zan ciyar da azzalumi ba!"

Shi kuwa wazirinsa Gwadabe mahaifiyarsa 'yar can ce, ya kuma san danginta har gidan tururuwa suke tonawa neman hatsi. Washegari ya sa aka ajiye buhun gero da akushin tuwo gaban sarki.

Ya ce, "Ya sarki, in ɓarawo ya shigo, wanne zai ɗauka?"

Sarki ya ce, "Buhun mana."

"In mayunwaci ne fa?"

"Akushin zai fara wawura."

"To wanne ake kullewa a rumbu har baɗi, a hana wanda aka ƙi?"

Sarki ya ce, "Tuwo kam in ya kwana biyu sai zubarwa."

Gwadabe ya durƙusa, idonsa ya cika da ƙwalla. Ya ce, "Ranka ya daɗe, rumbun azzalumin nan cike yake, rufe hanya ba zai hana shi kalaci ba. Waɗanda ya daka, su za ka ƙarasa."

Sarki ya ce, "Subhanallahi! Na ɗaga sanda kan macuci, ashe kan wanda aka cuta za ta sauka."

Nan take ya yi umarni geron ya tsaya a kan iyaka, mata su bi da tukwane da muciyoyi, a tuƙa, duk wanda ya zo ya ci. Dogaran azzalumi suka zo kwasa, suka tarar ba abin ɗauka sai tuwo mai tururi. Wasunsu ma zama suka yi suka wanke hannu.

Sarki ya dubi waziri ya ce, "Yau na gane: adalci shi ne fushinka ya sami azzalumi, abincinka ya sami mayunwaci, kada ɗaya ya ɓace ya bi hanyar ɗayan."