Jan Biron Anti Awo

Akwai wata mata a wani kamfanin rarraba magunguna, abokan aiki suna ce mata Anti Awo. Ita ke kula da rahoton da ke fitowa a babban allon sito. Maganin da ya nuna kore, Baba Mai Sito ya loda shi a mota zuwa ƙananan asibitoci. Wanda ya nuna ja, ko kwalba ɗaya ba ta fita.

Abin ya fara ne ranar wata Litinin, ƙarfe takwas da kwata na safe. Kamar kullum, ta buɗe manhajar rahoton ta duba girman rumbun bayanan da rahoton ke ɗiba daga ciki. Makon jiya megabait ɗari huɗu da goma ne. Yau ɗari bakwai da sittin. Iyakar da manhajar ke ɗauka kuwa dubu ɗaya ce.

Ta rubuta lambar a littafinta da jan biro, ta nufi ofishin sabon shugaban sashe, wanda kowa ke kira Injiniya.

"Ranka ya daɗe, me aka ƙara wa rumbun nan?"

"Gyara na yi," in ji shi, idonsa na kan waya. "Na sa lokacin fitar kowane kwali har daƙiƙa, da bayanin da direbobi ke rubutawa."

Ta yi masa bayani a natse. Bayanin da ke maimaita kansa, manhajar tana iya matse shi ya ƙanƙance. Amma wanda kowane layi da nasa daban, ba ya matsuwa, sai dai ya yi ta kumbura. In ya wuce iyaka, rahoton ba zai mutu ba, ba zai yi ƙara ba. Zai daina sabuntawa ne kawai, ya ci gaba da nuna tsohon labari.

Injiniya ya yi dariya. "Anti, ke da awo sai ka ce tela. Da saura ɗari biyu da arba'in fa. Je ki sha shayi."

Da ta koma, sai ta lura da wani abu. 'Yar alamar kwanan watan nan da ke ƙasan allo, mai nuna yaushe rahoton ya sabunta, babu ita. Ta aika masa saƙo, ya amsa da cewa tana ɓata kyan shafin, shi ya cire ta.

Litinin ta biyu, ɗari takwas da tamanin. Ta rubuta masa, bai amsa ba. Litinin ta uku, ɗari tara da tamanin da bakwai. Ta sake rubutawa. A taron ranar ya ce a gaban kowa, "Ga mai hasashen tashin duniya ta iso." Aka yi dariya, ita ma ta yi murmushi ta zauna.

Ranar Alhamis da hantsi ta bi ta sito. Ta tsaya gaban allon, ta daɗe tana kallo.

"Baba, kwali dubu shida da ɗari biyu da goma sha huɗu. Ba haka yake jiya ba?"

"Haka yake har shekaranjiya, 'yata. Ni ma na ce ko ƙidayar ta gaji ne."

"Mota nawa ta fita tun Talata?"

"Tara."

Ta koma teburinta da sassarfa. Rumbun ya haura dubu tun yammacin Litinin, kuma tun lokacin rahoton bai sake sabuntawa ba. Ta buɗe bayanan da aka shigar bayan nan, tana bi layi-layi. A cikin bayanan ranar Talata ta ga abin da take tsoro: masana'anta sun aiko a tsayar da wani rukunin maganin tarin yara, saboda an same shi da gurɓata. An shigar da sanarwar daidai. A allon sito kuwa, har yanzu kore yake nunawa.

Ta kira Baba Mai Sito. Ya ce, "Kwali goma sha biyu sun fita da asuba."

Ta kira direban da ya ɗauke su.

"Yaya, ina kake? Taka birki."

"Lafiya, Anti? Na riga na sauke a wuri biyu."

Injiniya ya shigo yana cewa a bari ya duba tukuna, kada a tayar wa manaja hankali. Ba ta ɗago ba. Ta tura masa littafinta da hannu ɗaya, ɗayan yana riƙe da waya tana neman asibiti na farko.

Kafin la'asar an dawo da kwalaye goma sha biyun, amma kwalba uku babu, an riga an ba iyaye. Ma'aikatan asibitin suka bi su har gida. Biyu ba a buɗe ba. Ta ukun an ba wata yarinya 'yar shekara huɗu cokali biyu.

Yarinyar ta kwana biyu a asibiti, aka sallame ta. Manaja ya karanta littafin da saƙonni ukun da Anti Awo ta aika. An sauke Injiniya daga shugabancin sashen. An cire abin da ya ƙara, an mayar da 'yar alamar kwanan watan ƙasan allo. Litinin ta gaba, ƙarfe takwas da kwata, ta rubuta ɗari huɗu da goma sha biyar.

Darasi: Kada ka raina mai duba ƙaramin abu a kan lokaci, kuma kada girman muƙami ya hana ka sauraron gargaɗi. Abin da ke aiki shiru yana iya tsayawa shiru. Ku tura wa abokan aikinku, musamman masu cewa "ai da saura."